Filin Mai Wayarin: Yaro Na Aji, Hankalinsa Na Shago

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da kaka. Da an kai amfani gida sai gine-gine su tashi, masu wayarin su shiga neman yara, iyaye kuma su shiga tunani. Shi ya sa wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗa: ɗan sakandare da koyon aikin lantarki. Na zaɓi biyar. Ta farko ita ta fi tsaya mini a rai, don haka ita za ta ci fili.

TAMBAYA: Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Jahun. Ɗana na uku shekararsa 16, yana aji ɗaya na babbar sakandare. Tun bara yake bin wani mai wayarin a cikin gari ranakun Asabar da Lahadi. Yanzu ogan ya aiko mini cewa yaron yana da hannu, in cire shi daga makaranta ya zauna shago gaba ɗaya, wai taura biyu ba ta taunuwa. Yayansa ya gama NCE shekara huɗu ke nan, takardar tana cikin akwati, shi kuma yana acaɓa. Zuciyata ta karkata ga maganar ogan, amma uwar yaron ta ƙi. Me ka gani? Daga wani uba, Jahun.

AMSA: Malam, Allah Ya raya mana su. Ina bayan uwar yaron, kuma zan gaya maka dalili.

Na san abin da ke cin ranka. Ka sayar da gero, wataƙila har da tunkiya, ka biya wa babban kuɗin makaranta, yau ga shi a bakin tasha yana jiran fasinja. Duk uban da ya ga haka dole ya yi shakka. Shi ma ogan ban ɗauke shi mugu ba. Aikin gini da safe ake yin sa, magina ba sa jiran ɗan makaranta ya taso ƙarfe biyu, kuma yaro mai hannu riba ne ga shago. Amma ka tambaye shi abin da yaron zai riƙa yi daga Litinin zuwa Juma'a a shekara biyun farko. Na san amsar, don ni ma na yi: fasa bango da guduma, ɗaukar tsani, zura waya cikin fayif, a aike shi sayo salatif. Duk aiki ne, kuma dole ya yi shi, amma bai kai a rufe littafi saboda shi ba.

Bari in ba ka labarin wani ɗaki. Shekarun baya aka kira ni wani ƙauye gabas da Gaya, ɗakin amarya ne, ko wata biyu ba a yi da biki ba. Tun daga zaure na ji ƙaurin roba. Da na kwance soket ɗin da ke bayan kabad, robar wayar ta narke ta manne da akwatin, ta yi baƙi kamar ƙanzo, katakon silin da ke sama har ya fara gawayi. Allah ne Ya kiyaye, amarya ta ga hayaƙi ta yi ihu, aka kashe wutar gidan. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne kyawun aikin. Layi a miƙe, kowane makunni daidai da ɗan'uwansa, haɗi a ɗaure tsaf. Wanda ya yi aikin yana tsaye a bayana, saurayi mai ladabi, shekararsa biyar a hannun ogansa. Gaba ɗaya gidan siririyar waya 'yar 1.5 ya sa, har layin soket. Na ce masa, "Ɗana, amfiya nawa wannan wayar take ɗauka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, haka oga yake yi."

To ga lissafin da ba a koya masa ba. Wutar gida a ƙasar nan bolt 230 ce. In kana son sanin abin da na'ura take ja, sai ka raba wat ɗinta da 230. Hitar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan amfiya kusan 9. Rishon lantarki mai wat 1,500 yana jan 6 da rabi. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan 4 da ɗoriya. Amarya kuwa da an kawo wuta duka take kunnawa, don ba ta san lokacin da za a ɗauke ba. An doshi amfiya 20 ke nan. Waya 'yar 1.5 ta jan ƙarfe mai kyau, a cikin fayif, 15 zuwa 17 take iya ɗauka, ta kasuwa wadda aka rage wa kauri ko aka yi da alminiyam aka shafa mata ja kuwa ko kusa. Layin soket 'yar 2.5 yake so. Fiyus ɗin da ya kamata ya tsinke ya ceci gidan kuma, tun ranar da ya fara tsinkewa wani ya naɗa masa waya mai kauri don ya huta. Wannan lissafi rabawa ce da tarawa, ɗan aji biyu na sakandare da ya zauna darasin fiziks ya san shi. Saurayin nan a firamare ya tsaya.

Sannan aikin kansa ya canja a hannunmu. Da can wayarin ƙauye ƙwai uku ne da fanka da soket ɗin rediyo. Yau abin da ake kiranmu a kai sola ce: burtsatsen masallaci, shagon cajin waya, firjin ƙanƙara kafin azumi, injin ban ruwa a fadamun Haɗeja da Auyo. Kowane faranti, kowace inbata, da takardarta take zuwa, Turanci ne da lambobi. Mutum zai ce maka, "Ina da batir mai bolt 12, amfiya-awa 200, zai kai ni asuba?" Dole ka iya cewa: 12 sau 200 ya ba da 2,400, batir mai ruwa kuma ba a so a sha fiye da rabinsa, saura 1,200. Fanka ɗaya, ƙwai biyar da talabijin za su ja wat 160 ko kusa da haka, wato awa bakwai ne, in an cire abin da inbata ke ci ma bai kai ba. Wanda bai iya wannan ba sai ya ce "zai kai, insha Allahu," bayan wata shida batirin dubban ɗaruruwan naira ya mutu, a kai ƙararsa wurin dagaci.

Game da taura biyu, zo mu ƙirga. Asabar da Lahadi, awa bakwai-bakwai, 14. Yamma biyu a mako bayan ya taso makaranta, awa uku-uku, 6. Awa 20 ke nan a mako, a makonni kusan 39 na karatu ya ba da 780. Cikin hutu ka cire lokacin noma da Sallah, ka bar masa mako bakwai na cikakken aiki, awa 280. A shekara ya haura 1,000, kafin ya rubuta jarrabawar fita ya tara sama da awa 3,000 yana aiki da hannunsa. A Amurka, inda ba a wasa da lasisin mai wayarin, awa 8,000 ake nema a shekara huɗu zuwa biyar kafin a ce mutum ya ƙware, kuma tare da zaman aji. Ka ga ɗanka zai fito yana shekara 18 ko 19 da sama da sulusin wannan a hannu, ga kuma takardar sakandare. Da kiredit biyar, ciki har da Lissafi da Turanci da Fiziks, ƙofar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure a buɗe take, haka ta jiha da ke Dutse. In bai so ya ci gaba ba, babu abin da ya rasa. In ka cire shi yau kuwa, ranar da ya so komawa gemu ya riga ya fito.

Abin da zan ba ka shawara, ka ɗauki mai unguwa ko liman ku je wurin ogan da kanku, da goronku. Ka gode masa, don ya cancanci godiya. Sannan ku rubuta yarjejeniya ko da a takardar littafin makaranta ce: ranakun da yaron zai zo, shekara nawa zai yi, kuɗin sabulu nawa za a riƙa ba shi, a ɗaga masa ƙafa lokacin jarrabawa, kuma ba zai hau falwaya ba. Kada ka ji nauyin rubutun. Dokar ƙwadago ta ƙasa ma ta tanadi a rubuta yarjejeniyar koyon sana'a, ta kuma ce kada wa'adinta ya wuce shekara biyar. In ogan ya ce shi dai ko duka ko babu, ka yi masa sallama cikin mutunci. Masu wayarin ba su ƙare a Jahun ba, kuma yaron da ke da hannu ba ya rasa mai ɗaukarsa.

Yayan kuma, ka gaya masa in ji ni: mai NCE da ya san lissafi, wata shida ya ishe shi ya kama kan aikin sola in ya sauke girman kai ya bi ƙaninsa shago.

TAMBAYA: Baba, ni bazawara ce, mijina ya rasu ya bar ni da yara biyar. Babban shekararsa 15, yana makarantar jeka-ka-dawo, da yamma yana bin mai gyaran wuta. Rannan ya dawo da ƙuna a tafin hannu, ya ɓoye mini. Da na matsa masa ya ce ogan ne yake sa shi hawa falwaya da daddare ya mayar wa mutane layin da aka yanke, wai shi ba shi da nauyi. Ɗan abin da yake kawowa yana taimakona. Ina tsoron in yi magana a kore shi. Daga wata uwa, ƙasar Dambatta.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya dafa miki. Ki yi magana yau, kada ki bari gobe. Gara a kore shi sau goma.

Falwaya ba wurin ɗan koyo ba ce, ba ma wurin ogansa ba ce. Daga turke zuwa mita hurumin kamfanin rarraba wuta ne, a nan Kano da Jigawa da Katsina KEDCO ke nan, kuma mayar da layin da aka yanke laifi ne a doka. In an kama, ɗanki ne a sama, ogan yana ƙasa cikin duhu.

Wannan ma ƙaramin abu ne. Wayoyi huɗun da kike gani a kan turken unguwa, tsakanin biyu daga cikinsu akwai bolt 400 da wani abu. Ukun da ke can ƙoli a wasu turakun 11,000 ne ko 33,000, waɗannan ba sai an taɓa su ba, kusantarsu kaɗai ta isa wuta ta yi tsalle. Kuma "ai an ɗauke wuta" ba kariya ba ce. Ana iya dawo da ita ba sallama. Ko ba a dawo da ita ba, mutum ɗaya a unguwa ya tayar da janareta ya jona a soket ɗin gidansa ba tare da canji-oba ba, wato makunnin da ke raba wutar gida da layin waje, wutarsa za ta fita ta bi layin waje. Haka muka rasa wani abokin koyona ina saurayi. Gari duhu, kwana biyu babu wuta, aka ce ya hau ya ɗaure wata waya da iska ta kwance. Ni nake riƙe da tsani. Can bayan layi muka ji janareta ta tashi, ban ma kawo komai a raina ba, sai na ji tsanin ya girgiza a hannuna. Silifas ɗinsa suna nan a gindin turken inda ya cire su, ni na kai wa mahaifiyarsa. Shekara arba'in ke nan, har yau in na ji janareta ta tashi da daddare sai gabana ya faɗi.

Mutane suna zaton sai babbar wuta take kisa. Ƙaramin ƙwan nan mai wat 10 da ke ɗakinki, abin da yake ja in ya ratsa ƙirjin mutum daga hannu zuwa ƙafa ya isa ya hargitsa bugun zuciya. Ƙunar tafin hannun nan gargaɗi ce. Ki kai shi asibiti a duba, domin ƙunar lantarki ta kan yi zurfi a ciki alhali bakinta ƙarami ne.

Ki samu baffansa ko kawunsa, in babu ki je wurin mai unguwa, a kira ogan a gaya masa a gaban shaidu. Kuma ku nema wa yaron wani maigidan. Alamar na kirki ba ta da wuyar ganewa: yana kashe wuta kafin ya taɓa waya, yana gwadawa da mitar awo bayan ya kashe, ba ya dogara da testa kaɗai, yana sa atin, wato wayar kariya da ke kai wuta cikin ƙasa, a gidan da ya yi wa aiki, kuma yaransa takalmi mai tafin roba suke sawa. Ki koya wa duk yaran gidan wannan: in wuta ta kama mutum a cikin gida, a kashe ta daga mita ko bireka, in ba hali a ture shi da busasshen icce, kada a kama shi da hannu. Kada a ɗura masa madara. In ba ya numfashi a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi a kai a kai har a samu taimako, a garzaya da shi asibiti.

TAMBAYA: Malam, ni shugaban wata ƙaramar sakandare ce ta gwamnati a yankin Gwaram. Muna so mu koyar da wayarin a matsayin darasin sana'a, yara suna so, amma ba mu da ɗakin aiki, ba mu da malamin fannin, makarantar ma ba a ja mata wuta ba. Ta ina za mu fara? Daga wani shugaban makaranta.

AMSA: Ranka ya daɗe, wasiƙarka ta faranta mini rai. Mu da muka ga farkon tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980 mun ga yadda aka shigo da injuna daga ƙasashen waje don darasin fasaha. A wata makaranta da na koyar, akwatunan sun shekara goma a sito ba a buɗe ba, babu wutar da za ta juya su, babu wanda ya san kansu, har gara ta cinye katakon. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2011 kuma ta zo da darussan sana'a 34, wayarin na ciki, amma a makarantu da yawa a kan allo aka ƙare shi. Yaro ya zana makunni da alli, ya ci jarrabawa, bai taɓa riƙe filaya ba.

Ba ka bukatar injin ko ɗaya. Allon katako huɗu ko biyar, kowane kamar faɗin ƙyauren taga. Batir ɗaya mai bolt 12 da ƙaramin farantin sola da zai riƙa cika shi. Ƙwayaye masu aiki da batir, holda, makunnai, soket, ragowar waya da masu wayarin ke zubarwa, filaya da sukundireba, da mitar awo guda biyu. Da bolt 12 yaro zai haɗa ƙwai ɗaya da makunni ɗaya, ya haɗa ƙwai ɗaya da makunni biyu irin na zaure da tsakar gida, ya auna, ya yi kuskure, ya gyara, ba tare da wuta ta ja shi ba. A sa fiyus kusa da batirin, domin batir in aka haɗe bakinsa biyu yana iya narkar da waya. Wannan kaya bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba, balle in an tuntuɓi tsofaffin ɗalibai da ke birni.

Malami kuwa biyu za ka haɗa su zama ɗaya. Malamin Fiziks ko Lissafi ya riƙe ɓangaren ƙa'ida. Sannan ka nemi mai wayarin mafi natsuwa a garin, wanda mutane suka shaida aikinsa, ka roƙe shi awa biyu a mako, a ba shi ɗan abin mai. Yawancinmu muna jin daɗi a kira mu makaranta a ce mana Malam. Yaran da suka nuna himma sai a raba su shaguna ranar Asabar da cikin hutu, kowa da ɗan littafinsa yana rubuta aikin da ya yi, ogan ya sa hannu, malami ya duba ranar Litinin. Littafin nan shi ne zuciyar abin. Shi zai nuna maka yaron da ake koya wa aiki da wanda aka mayar ɗan aike.

Abin da Jamus ta shahara da shi ke nan, sai dai su doka ta tsara musu: ɗan koyo yana kwana uku ko huɗu a wurin aiki, ɗaya ko biyu a makaranta, ana biyansa, mai wayarin kuma shekara uku da rabi yake yi. A jihar Wiskonsin ta Amurka tun 1991 'yan ajin ƙarshe na sakandare suke raba lokacinsu tsakanin aji da wurin aiki. Mu muna da shagunan, muna da makarantun, gaisawa ce kawai ba sa yi. Ka sanar da ofishin ilimi na shiyya a rubuce kafin ka fara, kuma kowane uba ya sa hannu. Ɗaliban aji uku na ƙaramar sakandare da ka ga sun fi karkata nan, ka nuna wa iyayensu hanyar kwalejojin fasaha, irin na Wudil da Bagauda a Kano, a Jigawa ma akwai nasu. Can shekara uku ake yi a fito da takardar shaidar sana'a ta NTC daga NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare a Kura. Ni nake gyara fitilun sola na gidanmu da na maƙwabta. Ina so in koyi aikin sosai, amma ana ce mini ba sana'ar mata ba ce.

AMSA: 'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Shekara nawa ina tsayawa a zaure ina jiran maigida ya dawo daga kasuwa kafin in shiga in duba soket ɗaya, don gidan ba a shiga. Wani lokaci matan gida su kwana uku cikin duhu saboda waya ɗaya da ta kwance. Mace mai wannan sana'a da sallama kawai za ta shige har ƙuryar ɗaki. Makarantun kwana na 'yan mata da ɗakunan haihuwa na asibitocin karkara da yawa sun koma sola, kuma duk za su fi sakewa da ke.

Ki riƙe Fiziks da Lissafi da kyau, su ne jarinki. Maganar koyo kuma ta bi ta hannun mahaifinki, a samu wani cikin dangi ko amintaccen da gida ya yarda da shi, in da hali ku zama ku biyu da wata ƙawarki. Ki fara da abin da ake yi a zaune: fitilu, fanka mai caji, na'urar da ke daidaita cajin batir. Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai. Kada ki raina sola don kin saba da ƙananan fitilu. Faranti goma in aka jera su a layi ɗaya, irin na injin ban ruwa da kike gani a gonakin shinkafar Kura da Kadawa, suna ba da bolt ɗari uku zuwa huɗu, kuma muddin rana na sama ba su da makashi a jikinsu.

TAMBAYA: Malam, shekarata 24, shekara bakwai ina hannun ogana. Ni nake yin aikin gida daga farko har ƙarshe, amma kullum na yi maganar yaye sai ya ce da saura. Ba ni da wata takarda. Kwanan nan aikin sola na wani asibiti ya wuce ni don an ce in kawo shaida. Daga wani matashi, Gumel.

AMSA: Ɗana, shekara bakwai ta isa. Amma kada ka fita da faɗa, garinku ɗaya, kuma albarkar wanda ya koya maka tana da rana. Ka tura manya su same shi, a sa wata, ko bayan Babbar Sallah ne, a yi 'yar walima a yi addu'a, ya sallame ka a gaban mutane. Mu masu shaguna kuma mu ji tsoron Allah. A Sabon Gari muna ganin yadda Ibo masu kayan lantarki suke yanka wa yaro shekaru tun ranar da ya zo, in ya cika su sallame shi da jari. Mu ko akwatin kayan aiki ne ya kamata mu riƙa bayarwa.

Takarda kuwa ba sai da izinin oga ba. Ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Dutse ka tambayi gwajin sana'a da ake kira tired-tes. Mataki uku ne, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya, kuma aikin hannunka ake dubawa. In kana iya zama ka yi karatu da daddare, NABTEB tana da jarrabawar Nuwamba da Disamba ta waɗanda ba sa makaranta. Bayan nan sai ka nemi shaidar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin tantance masu haɗa wutar lantarki, ita ce manyan ayyuka suka fi tambaya. Ka bi ta ofis da ƙafarka, ka karɓi rasit, kada ka ba wani ɗan tsakiya kuɗi ya kawo maka takarda gida.

Kafin nan, daga gobe duk gidan da ka gama ka ɗauki hotonsa da wayarka, allon bireka a buɗe da kuma a rufe, ka rubuta kwanan wata da unguwa a littafi. Ka sake rubuto mini bayan Sallah in ji yadda kuka yi da ogan.